Zana Tsakanina da Mijin Salma

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Mun buɗe gasar tseren 'yan motocin lantarki ta bana, alhamdu lillahi. Na sake wa tsagogi huɗun da motocin ke bi a kan titin sabuwar waya, batirin sola ma bai ba mu kunya ba. Wanda bai sani ba sai ya ce wasan yara ne: ƙarti da gemu sun kewaye tebur a tsohon shagona na Yelwa, kowa da kunamar ba mota wuta a hannu, ido a kan motar da ba ta fi tafin hannu ba. To, ya zo ya gwada mana. Ka matsa da yawa a kwana, mota ta bar tsagarta ta yi sama. Ka sassauta, a bar ka baya. Ni Ya'u, tsohon malamin lantarki, ni na sassaƙa titin nan da hannuna, kuma kofi biyu na zaune a kan durowata. Na uku nake nema, ban ɓoye wa kowa ba.

Na maimaita musu dokar kulob: a kan titi babu babba babu yaro.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Mijin 'yata Salma ya shiga kulob. Masunci ne, mutumin Wara. Gideon makaniki, alƙalinmu, ya rubuta sunansa a allo: Ladan. Tun daga ƙofa ya tuɓe takalmi, kuma a tsugune ya karɓi kunama saboda ina tsaye a wurin. A tsugune ya yi tseren! Ko kwanar can ƙarshe ba ya hange. Yatsun da suka saba jan taru, ina su ina lallaɓa kunama.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na ci. Hammadu tela ya ce sa'a ce. Sa'a ta san gidana ke nan.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Karawar Wara. Mun kwance titin gida-gida muka loda a a-kori-kura, muka haɗa shi a rumfar wani mai kifi a bakin ruwa. Jama'a kamar ranar kasuwa. Masu kwale-kwale suka ɗaure suka hau tudu kallo. Wani tsoho ya tambaye ni ko da aljani a ciki, na zauna na yi masa darasin lantarki har ya yi nadamar tambaya. Na ji daɗi ƙwarai. Abin da na fara ni kaɗai ana yi mini dariya, ga shi yau ya tara gari.

Na zo na ɗaya, mijin Salma na biyu, dab da ni. A tsugunen nan fa. Ba laifi, yana koyo a bayana.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Karawar Shanga. Ban so in rubuta ba, amma bari in rubuta.

Ina gaba, ana saura kaɗan a gama, hannuna ya yi nauyi a kwanar da muke kira Bakin Kada, motata ta fita ta kife. Kafin a ɗaga ta a mayar, ai an fara wuce ni. Biyu sun wuce. Ta mijin Salma kuwa ta zo daidai wurin ta tsaya cak. Ta jira har aka mayar da tawa na tashi, sannan ta biyo baya sumui-sumui. Rumfa ta kwashe da dariya. Gideon ya ce masa lafiya? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wuta ta ɗauke."

Wuta ta ɗauke! Batiri ɗaya ke ba tsagogi huɗun, ni na haɗa shi. A gabana ya faɗi haka.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Na kai ƙara wurin matata Kande ina cin tuwo. Maimakon ta taya ni, sai cewa ta yi, "Malam, kai ɗai na ba ka gani ba. Duk Yelwa an san yaron ga ba shi shiga gabanka. Mi kaka so shi yi, shi wuce uban matatai mutane na kallo?"

Tuwon ya fita raina. Wato nasarorin bana kyauta ake ba ni, kamar yadda ake bar wa tsoho tsokar da ba ƙashi.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Gideon ya ce ranar da ba na nan, babu mai kama ƙurar yaron, shi ma a tsaye yake tuƙi. Na ce to me ya hana ka faɗa? Ya ce, "Oga, wa zai faɗa maka?"

Asabar, 30 ga Nuwamba

Na kira mijin Salma bayan shago. Ya tsuguna, ido a ƙasa. Na ce umarni nake ba ka, in ka ga hanya ka wuce ni. Ya ce, "To, Baba." Aka shiga tsere, ya manne a bayana kamar maraƙi da uwarsa har aka tashi. Raina ya ɓaci, amma kuma ta ina zan kama shi? Tarbiyya ce. Ni da kaina ban taɓa cin abinci a gaban mahaifin Kande ba har Allah ya karɓi ransa.

Mu huɗu muka kai wasan ƙarshe: ni, shi, Hammadu da Bilyaminu mai kemis. Wanda ya ci ranar shi ke da kofi. In aka miƙo mini shi a haka, ba zan iya ɗora shi kusa da waɗancan biyun ba.

Litinin, 9 ga Disamba

Kande ce ta kawo dabarar, ko da yake ni na gyara ta. Tana tankaɗe ta ce, "Surukin da bai gan ka ba ai ba shi jin kunyakka. Ku sa zana mana." Shi ke nan. Za a kafa zana tsakanin matuƙa, kowa da lungunsa. Motoci huɗu na kulob, fenti iri ɗaya. Gideon zai raba tsagogi da ƙuri'a a ɓoye, ya shigar da mu ɗaya-ɗaya ta baya. 'Yan kallo su yi ihu da launin tsaga, wanda ya ambaci suna a fitar da shi.

Hammadu ya ce an sa mu a kulle kamar amare.

Asabar, 14 ga Disamba

Jar tsaga ta faɗo mini. Wallahi ban taɓa tuƙi kamar yau ba. Biyu na watsar tun da wuri. Amma ta shuɗiyar tsaga ta ƙi barina, in na ja ta ja, in na lallaɓa ta lallaɓa. Gumi har cikin ido. Shago ya ɗauka, "Ja! Shuɗi! Ja!" A zagayen ƙarshe, a Bakin Kada, inda kowa ke sassautawa, ita ba ta sassauta ba. Ta kwanta a kwanar nan kamar kwale-kwalen da ya san ruwa, ta wuce ni fit. Ban yi kuskure ba, ina so wannan ya zauna a rubuce. Fi na aka yi.

Gideon ya yaye zana. Ga mijin Salma tsaye ƙyam, yana dariya, hannu a sama. Sai ya waiga ya ga wa ke riƙe da jar kunama. Dariyar ta mutu. Ya ce, "Innalillahi, Baba!" ya ajiye kunama, ya ratsa jama'a ya fice a guje. Ko takalminsa bai ɗauka ba.

Na yi dariya har da hawaye. Na dariya ne.

Lahadi, 15 ga Disamba

Kande ta ce a aika masa da kofin. Na ce shugaban kulob ke miƙa kofi, doka ce. Na shiga mota zuwa Wara, kofi a cinya, takalminsa a leda. Na same shi yana ɗinkin taru. Ya zube ƙasa yana ba ni haƙuri, ya ƙi miƙo hannu, sai Salma ce ta karɓa tana ƙunshe dariya. Na ce ya tashi tsaye. Ya tashi rabi. Da sauƙi.

A hanyar dawowa wani fasinja da ya gane ni ya ce, Malam, wa ya kayar da kai bana? Na ce ɗana ne. Baki ne ya kuɓuce, kuma ban ga dalilin gyarawa ba.

Na sa wa kunamata mai. Baɗi, in Allah ya kai mu, Ladan zai gane kurensa.