Sunana a Bakin Malam

Ƙofar Rini, Sakkwato.

Zuwa ga Yayata Muhsina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗiya. Yaya Hasana, ta fara takawa? Mu nan lafiya lau, sai zafin gari.

Takarda na rubuto don waya ba ta ɗaukar wannan magana. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na Inna, mahaifiyar Malam, ko tari na yi tana ji.

Kin san Malam ya samu fili a gidan rediyo, duk Asabar da hantsi yana koyar da Turanci, shi da wata malamar makaranta, Faith. Yaya, mutumin da ke cikin rediyon nan ba mijina ba ne. Dariya yake yi har da shaƙewa. Ya ce Faith, ta ce Malam Zayyanu, sunan da ko a takardar nan sai da na waiga kafin na rubuta. Ni kuwa tun da aka kawo ni gidan nan bai taɓa kiran sunana ba. Na san dalili: sunanmu ɗaya da Inna. To, ko laƙabi fa? Sai "ke", sai gyaran murya a bakin ƙofa. A littattafan da nake karantawa, namiji kan kira sunan matarsa a hankali har kwanon da ke hannunta ya suɓuce. Ni ban taɓa yar da ko cokali ba.

Asabar ɗin nan darasin a kan kalmomin da ake siffanta mai shan ƙamshi da su ne. Ya ce aloof shi ne mai ja gefe kamar ya fi kowa. Cold shi ne wanda za ka zo masa da murnarka ka koma da ita. Distant kuwa yana zaune kusa da kai, hankalinsa na wani gari. Ina tankaɗe, sai na ajiye rariya. Halinsa yake karanta wa mutanen Sakkwato, ita kuma tana ƙyalƙyala dariya, wai shi kam ko ɗaya ba ta dace da shi ba. A ina ta sani? Wace fara'a yake yi mata idan an kashe na'ura?

Ban taɓa ganinta ba, amma na riga na yi mata fuska: doguwa, mai wushirya. Da ya dawo na shinshina rigarsa, ban ji komai ba sai hayaƙin baburan kabu-kabu. Ko hakan bai kwantar mini da hankali ba.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Zulaihatu.

*

Yaya Muhsina,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gida, yaya ɗiya? Allah ya sa kuna lafiya. Ni dai na yi ɓarna.

Sun ce za su ci gaba da darasin, masu sauraro su aiko da tambayoyi, kuma Malam ne ke karanta saƙonni da sunayen masu su. Sai na tura nawa. Na tambaya wace kalma ce ta dace da mutumin da ke da dariyar da ta ishi gari guda, amma gidansa sai gyaran murya. Na sa cikakken sunana da unguwarmu. Nufina ya faɗe shi ko sau ɗaya, tunda a rediyo ba ya da mafita.

Ya fara, ya ce saƙo daga Ƙofar Rini, sai ya tsaya. Shiru har na ɗauka batir ne ya ƙare. Sannan ya yi tari. Faith ce ta karɓa, ta karanta sunana sumul, har da maimaitawa. Bai ishe ta ba, ta amsa tambayar da kanta. Wai akwai wata kalma, reserved, mutumin da zuciyarsa cike take amma kunya ta ɗaure masa baki, kada a haɗa shi da cold. Ki ji fa, Yaya. Wata mace ce ke fassara mini mijina, gari na saurare! Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Inna na kan tabarma tana ɓarar gyaɗa lokacin da sunanta ya fito daga rediyo. Ta dube ni, ta ce ita dai wayarta ba ta rubutu, ta ci gaba da ɓara.

Malam ya dawo, ya ci abinci, ya fita masallaci. Tun ranar ko gyaran muryar ban sake ji ba. Ina tsoron ɗan abin da nake da shi ma na ɓatar. Don Allah kada Baba ya ji.

Taki,
Zulaihatu.

*

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan zazzaɓin Hasana ya sauka. Na samu amsarki, faɗan da kika yi mini kuma na karɓa, ko da yake ban yarda Faith ba ta da laifi ba.

Jiya da safe Inna ta yafa gyale ta ce za ta wuni wurin ƙanwarta a Gawon Nama. Malam na tsakar gida yana wanke babur. Ta tsaya tana neman takalmi, ta ɗaga murya kamar da kaji take magana, ta ce ita ta gama da sunanta. Tun rasuwar iyayenta ba mai kiranta da shi, kowa Inna yake cewa, don haka wanda ke da amfani da shi ya ɗauka. Ta fice.

Sai da babur ya sha wanki har ya gaji, sannan Malam ya shigo ɗaki. Ya juya mini baya, yana taɓa littattafaina, shi da bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Ya ce ba fushi ya yi ba, kunya ce ta rufe shi a gaban gari. Daga nan ya faɗe shi, ga bango, ƙasa-ƙasa. Ya kai "Zulai" ya maƙale, na ga zufa na bin ƙeyarsa, sannan ya ƙarasa. Na yi kamar ban ji ba ko zai sake. Bai sake ba, ya fita har ya manta hularsa.

Babu kwano a hannuna, Yaya, amma sai da na zauna.

Asabar mai zuwa zan kunna rediyo, na kuma san dariyarta za ta ƙona ni kamar kullum. Amma ya kira Faith daga hantsi har azahar in ya so. Nata sunan bai taɓa sa shi zufa ba.

Ki shafa mini kan Hasana.

Ni ce ƙanwarki,
Zulaihatu.