Mun Hau Dutsen Mambila Da Baba

Serti,
14 ga Oktoba, 1994.

Zuwa ga uwargidana Bushra,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da mutanen unguwarmu Turaki baki ɗaya. Mu ma lafiya lau, sai gajiyar mota. Andrawus, direban motar hayar da muka shigo, zai juyo Jalingo jibi, shi zai kawo miki wannan takarda.

Kin san ban so wannan tafiya ba. Tun da likita ya ce ganin idon Baba na tafiya ne kuma ba zai dawo ba, ni hutu nake so ya yi a gida. Shi kuwa ya kafe sai ya ga Mambila, inda ya yi kiwo yana saurayi, kafin idon ya rufe. Yau dai na fara jin kunyar musun da na yi da shi.

Mun tsaya a Iware mun karya da ƙosai da kunu. Daga Garba Chede hanya ta lalace, ramuka sai ka ce an haƙa da gangan, amma ban damu ba, don ido na can kan duwatsu. Bushra, ashe duwatsunmu na Jalingo yara ne. Waɗannan shuɗaye ne, wani bayan wani, har ba a gane inda suka ƙare sama ta fara. A Bali na ga Kogin Taraba cike taf da ruwan damina. Mun ci tuwo da miyar kifi a rumfar wata mata, Lucy, a bakin hanya, kuma Baba da kike fama da shi kan abinci ya nemi ƙari.

Abin mamaki, kafin mu kai kowane rafi sai ya faɗi sunansa. Andrawus ya yi ta dariya, ya ce wannan tsoho ya fi shi sanin hanya.

Mun sauka a wani gidan baƙi, ɗaki ɗaya, gado biyu, ba wuta, amma da tsabta. Da la'asar birai suka sauko bayan gidan suna kallonmu kamar mu ne abin kallo. Gobe da sassafe za mu hau dutse.

Ki shafa mini kan yara.

Naki,
Zainulabideen.

Nguroje,
18 ga Oktoba, 1994.

Zuwa ga Bushra,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan, don da labari.

Daga Mayo Selbe aka fara hawa. Ban san yadda zan kwatanta miki ba. Hanya ce aka sassaƙa a jikin dutse, tana lanƙwasa tana komawa kanta. Dama bango, hagu rami wanda ba a ganin ƙarshensa. Motar na nishi, kunnuwana suka toshe, ba salatin da ban yi ba. Can sai na duba ƙasa na ga gajimare a ƙarƙashinmu. A ƙarƙashinmu, Bushra! Ni da na tashi ina ɗaga kai in kalle shi.

Da muka kai sama Baba ya roƙi Andrawus ya tsaya. Muka fita. Sanyi ya ratsa rigata nan take. Ga tuddai kore shar, ba ƙaya ba kututture, kamar an shimfiɗa darduma har iyakar gani, jajayen shanu masu dogayen ƙaho sun bazu a kai. Iska na ƙamshin ciyawa da itacen turare. Na tsaya baki buɗe, na manta da kowa.

Sai na ji Baba yana cewa, "Kai, dubi kyau! Dubi shanu!" Na waiwaya. Bushra, bayansa ya ba shanun. Gefen mota yake fuskanta, yana nuna ta da sanda.

Na kama hannunsa na juyo da shi, na ce, "Baba, tun yaushe?" Ya ce tun bayan Babbar Sallah ba ya ganin komai sai haske da duhu. Ya ɓoye mana ne don ya san in na gane ba zan kawo shi ba. Rafukan nan da yake ta faɗa, ƙarar gada yake ji yana lissafawa a ka.

Na tambaye shi to me ya kawo mu. Ya ce, "Ni na gani shekara ashirin, ya ishe ni. Kai ne ba ka gani ba. An haife ka a gari, ka shiga ofis. Yanzu faɗa mini abin da ke gabanka." Na fara faɗa masa. In na ce ga tudu mai kai biyu, sai ya ce a bayansa akwai marmaro, can ya taɓa kwana uku da saniya mai karaya. Mun fi rabin awa a haka. Fasinjoji ba wanda ya yi ƙorafi, Andrawus ma kashe mota ya yi.

A nan Nguroje muna gidan Goggo Hajja, yayar Baba, wadda rabonsu da juna shekara sha tara. Sallamarsa kawai ta ji daga zaure ta kira shi da sunan yarinta, Manga. Ta ba mu kindirmo mai kauri, da tuwon masara da miyar wani ganye da suke kira kumbi. Bargo biyu nake rufa, da safe ruwan alwala kamar ƙanƙara. Jiya jikanta Sajo, malamin makaranta, ya kai ni gonar shayi ta Kakara. Ashe abin da muke sha kullum ganyen wani ɗan gajeren itace ne, layi-layi ya rufe tuddai.

Ga abin da nake so ki sani. Baba ya ce ba zai sauko ba. A Jalingo, in ji shi, makaho ne a ɗaki, nan kuwa ƙafarsa ta san ƙasa. Na yi niyyar musu, sai yau da safe na ga ya fita shi kaɗai da sanda har bakin garke, ya dafa wata saniya yana yi mata magana da Fulatanci. Rabon da in ji dariyarsa irin haka na manta. Na bar shi.

Ranar Asabar zan taso, in Allah ya yarda. Ki haɗa masa rigunan sanyi da sauran maganinsa a ba Andrawus. Ɗakinsa kuwa kada ki taɓa komai. Ki bari in dawo mu buɗe tare, don ba zan iya shiga ni kaɗai ba.

Goggo tana gaishe ki, Baba yana sa muku albarka.

Mijinki mai kewarki,
Zainulabideen Manga.