Tambayar da Ba a Yi wa Inna Ba

Zuwa ga Babban Likitan Sashen Masu Taɓin Hankali, Gusau.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ce Rabi, ƙanwar marigayi Sani, manomi daga Karakkai. Ban ambaci asibitinku ba, kun san kanku.

Na ɗaya. Bara da damina Yaya Sani ya fara magana shi kaɗai. Ba ya dukan kowa, gero kawai yake yi wa hira. Muka kawo shi wajenku, aka yi masa allura, aka ba shi ƙwayoyi, muka koma gida. Cikin 'yan kwanaki jikinsa ya sandare kamar taɓarya, zazzaɓi ya rufe shi, gumi na ta zuba. Kafin mu dawo da shi Gusau rai ya yi halinsa.

Na biyu. An tambayi shekarunsa, an tambayi ko yana shaye-shaye. Ba wanda ya tambayi ko wani a danginmu ya taɓa shan irin maganin. Mu ma ba mu sani ba. Inna, mahaifiyarmu, ita ta sani, ita kuwa ba ta biyo mu ba. Ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta zauna gaban baƙi tana ba da labarinsa. Sai bayan sadakar uku ta ce haka ƙanenta ya sandare a Tsafe bayan irin wannan allura, tun muna yara. Wani likitanku ya ce mini abin kan bi jini. Bayan mun rufe Yaya Sani, ranka ya daɗe!

Har yau idan iska ta kaɗa gero da la'asar, sai in ga kamar shi ne ke ratsowa, fartanya a kafaɗa, yana dariya da wanda ba ma gani. Inna kan ɗaga kai ta dubi hanya, ta sunkuyar. Abin yana cin raina.

Na uku. Babbar 'yarsa Hauwa'u ta fara hira da inuwarta. Ba maganin muke ƙi ba, so muke ta warke. Roƙona, ku riƙa tambayar dangi kafin allura, har tsofaffin da aka baro a gida, ku kuma gaya wa masu jinya alamun da za su sa su dawo da gudu.

Ranar Litinin za mu kawo ta. Inna ta ce wannan karon da ita za a zo, kuma za ta faɗi sunan ɗan farinta da bakinta. Don Allah a samu mai sauraronta.

Allah ya ƙara maka basira, ya sa waraka a hannunku.

Wassalam.