Kada a Sake Barbaɗa wa Khairat Kwalli

Assalamu alaikum Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki, yaya mutanen Tungar Guru? Ni lafiya lau nake a Ikko. Aikin gini ne, siminti yana ɗan cin hannu, amma kada ki sa damuwa.

Inna, raina a ɓace yake. Matata Amina ta gaya mini ƙurajen nan masu ruwa sun sake fesowa a yatsun ɗiyata Khairat, wai Kawu Dabo ya sa ƙaya ya farfasa su, ya barbaɗa garin kwalli. Kwalli, Inna! A kan ɗanyen ciwo!

Irinsu sun fito mini a nan, kwana uku ko cokali ban iya riƙewa ba. Likita ta ce ba sammu ba ne, fata ce ba ta jituwa da wani abu, tawa da siminti. Ta hana ni fasawa, ta ba ni man shafawa. Da na ambaci kwallin da ake barbaɗawa a gida, sai ta ce akwai dalma a cikinsa, guba ce.

Don Allah a kai yarinyar asibiti. A kuma lura ko bayan wasa da ruwan sabulu suke tasowa.

Ki yi wa Kawu magana da bakinki, don in na kira shi zan yi rashin kunya. Shekarar da gubar dalma ta kwashe yaran garinmu, ni na ɗauki ƙanena Ridwan zuwa makabarta, Kawu yana biye da ni. In shi ya manta, ni ban manta ba.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Ɗanki,
Mas'ud