Tsohon Da Ya Juya Baya

Pekalongan, Litinin

Zuwa ga yayana, Mas Damar,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a Bandung. Ka yafe mini karambanin rubuto maka. Na san ka canza lamba ne don kada a neme ka, kuma Bapak, mahaifinmu, ya hana a ambaci sunanka tun ranar da ka bar jami'a ka ce wasan kwamfuta za ka ƙera. A intanet na samo adireshin ofishinku.

Mas, Bapak yana buga wasanka.

Ni na sauke shi a tsohuwar kwamfutarka. Ina buga wasan, na kai ɗakin da ake jera kwalaben rini kafin ƙofa ta buɗe, sai na ji numfashi a bayana. Bapak ne, na ɗauka fasa kwamfutar zai yi. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce ba nan shuɗi yake zama ba, in matsa. Ya jera su, ƙofa ta buɗe, sai ga rijiyar gidanmu a allon, har da tsagaggen bokitin nan.

Yanzu kullum bayan la'asar yana gaban kwamfuta, wai ɓarnar da ka yi yake dubawa. Shayinsa har hucewa yake yi. Ibu, mahaifiyarmu, tana tsokanarsa, wai ashe malalatan gidan biyu ne. Haushinsa shi ne wasan ba ya sauri: sai ka sha wuya ka warware abu ɗaya, sannan a ba ka ɗan guntun labari. Ya ce kai ko a wasa sai ka ja wa mutum rai.

Ya kai ɗakin ƙarshe ya maƙale. Wani tsoho ne zaune yana buga wa yadi zanen batik da tambari, irin sana'ar Bapak, ya juya baya, ɗansa na tsaye a bakin ƙofa. Bapak ya danna komai, ya kwashe komai, tsohon ya ƙi juyowa. Na ce in nemo amsar a intanet, ya harare ni.

Ranar Asabar ta sama za a yi masa aikin zuciya a Semarang. Likita bai yi mana alkawarin komai ba. Don Allah ka kira, ko da amsar ɗakin kawai za ka faɗa masa.

Ƙanwarka,
Kinanti

Semarang, Asabar

Mas Damar,

Ina gaisuwa, da fatan lafiya ce ta sa muka ji shiru. A kan bencin asibiti nake rubutu, ka yi haƙuri da hannuna.

Jiya da safe motar da za ta kawo mu tana jira a waje, Ibu tana kira, Bapak ya ce sai ya sake gwadawa. Ya danna ya danna har numfashinsa ya fara sarƙewa. Ya saki komai ya jingina, ya dafe ƙirji. Na tsorata, zan ruga in kira Ibu, ya riƙe hannuna.

A allon, da yaron ya ji an daina tura shi, sai ya taka da kansa ya zauna kusa da tsohon. Muka yi shiru, su ma suka yi shiru. Direba yana ta danna hon. Can sai tsohon ya ajiye aikinsa ya juyo. Abu ɗaya ya ce: "Ka ci abinci?"

Ashe amsar ke nan, Mas, mutum ya cire hannu ya jira.

Ban taɓa ganin hawayen Bapak ba. Ya ce hasken allon ne. Ɗazu da za a tura shi ɗakin tiyata ya yafito ni, ya kira sunanka a gaban kowa. Ya ce, "Ki faɗa wa Damar tsohon nan, ba haka ake riƙe tambarin batik ba. Ya zo gida in nuna masa."

Sun rufe ƙofar, jar fitilar da ke samanta tana kunne har yanzu. Ibu tana jan carbi. Ni ma na cire hannu, ina jira.

Ban san wane labari zan samu in fitilar ta mutu ba. Ko wanne ne, ka ba ni izini in sake rubuto maka?

Ƙanwarka,
Kinanti