Kwalin da aka kama a motarka

Baba,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, wata huɗu ke nan da aka kai ka makwancinka. Amma akwai abin da ke raina, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Gida lafiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi. Motarka Yaya Sani ke ja yanzu, Parakou zuwa Djougou, yadda ka saba.

Ka tuna tsofaffin fina-finan 'yan sanda da muke kallo a tele bayan la'asar? A zaunar da mutum a ɗan ɗaki, ana buga tebur ana tambayarsa sunan ubangidansa, shi kuwa ya yi gum. Ni ce gwanar gano mai laifi, kana yi mini dariya. Na ɗauka duk wanda ya yi shiru ɗan ƙungiyar masu laifi ne.

Sai ga ranar da aka farke kwalin saƙo a motarka, aka sami ƙwaya. Kowa a tasha ya san direba ba ya buɗe saƙon mutane. Kwana uku ana tambayarka wanda ya ba ka, ka ƙi faɗa. Nan take na yanke maka hukunci irin na tele. Inna ta zuba tuwo ta ce in kai maka komisariya, wurin 'yan sanda, na ce kaina ke ciwo. Ƙarya nake, Baba, kunyar a gan ni nake ji. Wata takwas ka yi a kurkuku, ka fito da tarin da ya tafi da kai. Sau nawa na gaishe ka a tsaitsaye? Me ya sa ko sau ɗaya ba ka nuna mini ka lura ba?

Bayan sadakar arba'in mijina Mamman ya faɗa mini yana kuka, shi ya ba ka kwalin. Ashe surukinka ka rufa wa asiri, saboda ni da jikokinka.

Ga abin da ya fi ba ni kunya. Tun ranar na sani, ban gaya wa kowa ba. Har yanzu a unguwarmu Guéma ana nuna gidanmu da baki, Inna na sunkuyar da kai a kasuwa. In na faɗa, uban 'ya'yana za a ɗaure. Jiya na je wurinta da niyyar in faɗa. Na zauna, na tsince mata wake, na tashi na koma gida na dafa wa Mamman abinci.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka. Ba ni da bakin da zan ce ka yafe mini tukuna.

'Yarka,
Hadiza