Jar Tsakiyar Inna

Lokacin Ambaliya, wata na biyu, rana ta 4

An kai Inna wurin masu gyaran gawa, an saka ta cikin kanwa don ta bushe. Aikina ɗaya ne kafin a naɗe ta: in sake shirya abin wuyanta, da jar tsakiyar nan da Baba ya huda mata da hannunsa. Kullum tana cewa ko ba a sa mata komai a kabari ba a sa mata wannan, don jan dutse ne ke kare maƙogwaron mamaci a hanyar Yamma, ƙasar matattu. Akwatin da tsakiyar ke ciki yana hannun Yaya Kenna.

Rana ta 9

Bai kawo ba. Wai ruwa ya cika hanya. Ruwan da kowa ke ketarewa zuwa kasuwa.

Rana ta 15

Ya kawo, ya ajiye a bakin ƙofa, ya ƙi zama ko gurasa ya ci. Na ɗora tsakiyar a leɓena, ɗabi'a ce kawai. Dutse sanyi gare shi. Wannan nan take ta ɗauki ɗumi. Na zura zare, ya wuce sumul. Baba ta kai biyu yake huda, kuma ramukansa ba su taɓa haɗuwa daidai ba, dole zare ya ɗan tuntuɓe a ciki.

Gilas ne na tanderu. Ban yi kuka ba.

Rana ta 16

Na tare shi a bakin kogi. Ko musu bai yi ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Matar shugaban rumbun haikali ya kai wa ta gasken, aka ba shi aikin awon hatsi.

"Haba Tamit, ja dai ja ne. Wa zai kwance likkafani ya duba?"

Na ce Inna za ta duba. Ya ce Inna ta bar cin abinci, 'ya'yansa kuwa suna ci. Mutumin da Inna ke ɓoye wa kan kifi, ni a bar ni da ƙaya.

Wata na uku, rana ta 2

Ban gaishe shi ba. Ba zan ƙara ba.

Rana ta 20

Baiwar matar shugaban rumbu ta zo da abin wuyan uwargijiyarta a ƙulle cikin tsumma, zare ya tsinke. An ce mata duk unguwar babu mai shirya duwatsu kamar ni. Na zazzage a tabarma. Ga jar tsakiyar Inna a tsakanin shuɗayen. Zare ya tuntuɓe a inda na san zai tuntuɓe.

Rana ta 22

Uwargidan da kanta ta zo karɓa. Ta ɗaga shi a rana, ta ce jan ma kamar ya ƙara haske. Na ce wanke shi na yi, ranki ya daɗe. Ta ba ni tulun zuma.

Wata na huɗu, rana ta 14

An naɗe Inna. Da idona na ga an kwantar mata da tsakiyar Baba a maƙogwaro kafin lilin ya rufe.

Kenna na tsaye kusa da ni, ya kasa kallon wurin. Yana tsammanin gilas ɗinsa ne. Ban faɗa masa ba, ya ci gaba da ɗaukar nauyin laifinsa.

Da muka fito 'yarsa ta ce yunwa take ji. Na aika musu da rabin zumar. Ta yi mini yawa ne kawai, kuma ni ba ta yi mini zaƙi.